Farwar Tabuka da Shugaban Wata Ɗaya

Zuwa ga Uwata, Hauwa'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, ƙafa ba ta kumbura da zaman jirgi ba, kaya kuma ba su ɓata a hanya ba. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a ƙasar da ba mu da kowa. Ummanki tana gaishe ki, ko da yake yanzu da nake rubutun nan ina jiyo ku a ɗaki kuna gardama a kan yawan yaji da kukar da za ta ɗura miki a kaya.

In kina karanta wannan, to kin kai ƙasan akwati, kin kuma ci karo da farwar nan, rigar sanyin da kika cire har sau biyu. Ni na mayar da ita. Kada ki ɗora wa Ummanki laifi, ita nata aikin kawai ta riƙe ki da hira a kicin. Da gangan kuma na rubuta da Hausa, don na san in da Larabci ne za ki haɗiye shi cikin minti biyu kamar saƙon waya. Hausar boko kuwa sai kin bi ta da yatsa kina motsa leɓe, kuma haka nake so ki karanta.

Kin tuna ranar da kika ba mu labarin shugaban Amurkan nan? Jami'arki ce ta aiko miki da tarihin ƙasarsu ki duba kafin ki iso. Muna kan soro bayan magariba ana shan shayi, kina karantawa da Turanci kina juya mana rabi da Larabci rabi da Hausa. Sunansa ya ƙi zama a bakina har yau, ni dai Shugaban Wata Ɗaya nake ce masa. Kika ce tsohon soja ne da ya yi suna wajen yaƙar mutanen ƙasar na asali, waɗanda aka ƙwace wa filaye. Wannan ɓangaren ba abin dariya ba ne, ban kuma yabe shi a kai ba. Kika ce ɗan masu hali ne, a babban gida mai bayi aka haife shi, amma da zaɓe ya zo sai magoya bayansa suka riƙa tallansa a matsayin talaka mai kwana a bukkar itace. Ya ci zaɓe yana da shekara sittin da takwas, 'yan hamayya suna ta yi masa ba'a wai ya tsufa, ya koma gida ya huta. To don ya nuna musu da sauran ƙarfinsa, ranar rantsuwa, ana tsananin sanyi da iska, sai ya hau doki ba kwat ba hula, ya tsaya a fili ya zuba jawabi na kusan awa biyu. Bayan wata guda aka fita da gawarsa daga fadar.

Ummanki ta ajiye kofi ta ce, "Jawabin awa biyu? Kuma ya ƙi sa rigar sanyi? Wallahi Abbanki ne, sai dai shi Bature ne."

Kuka yi ta dariya har kika ƙware da shayi. Sannan kika ce, "La, ya Abuya, kar ka damu. Likitocin yanzu sun ce wataƙila ma ba sanyin ba ne. Sai bayan sati uku ya kwanta, ruwan shan fadar suke zargi." Na ce ɗayyib, na ji, ko ruwa ne ko sanyi, mutumin da ya ƙi sa riga don kada a ce ya gaza, na san shi farin sani. Tun daga ranar ya ƙi fita daga kaina. Ina jan bas daga Kudai zuwa Harami, alhazai suna talbiya a bayana, ni kuwa ina tunanin wani tsohon Bature a kan doki yana rawar ɗari yana murmushi.

Bari in fara da jawabin, tunda shi ne abin da Ummanki ta fi jin daɗin tsokanata da shi. Kina ƙarama sosai lokacin da Hausawan unguwarmu ta Ka'akiyya suka zaɓe ni shugaban zumunta, wato mai tsaya wa jama'a a kan biki da rasuwa da sasanta rigima. Aka kafa rumfa bayan Juma'a, aka kawo tirarrukan shinkafa da nama aka jera, aka ce in ɗan yi godiya kafin a ci. Na miƙe. Uwata, na faro daga yadda kakanninmu suka riƙa tahowa a ƙafa ta Chadi da Sudan, na tsaya a kowane zango na huta da su. Ban iso bakin teku ba sai da man naman ya daskare a kan shinkafa. Malam Tanko, maƙwabcinmu mai gyaran lantarki, ya yi barci, ya farka, ya je ya sake alwala, ya dawo ya tarar da ni ban ƙetare zuwa Jidda ba. Kiran la'asar ne ya ceci jama'a.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. A cikin jawabin na yi alkawarin cewa ƙofata a buɗe take ga kowa, jama'a kuwa suka riƙe ni a kan maganata. Kin ce shi ma shugaban naku masu neman muƙami sun cika masa gida, ko abinci ba sa bari ya ci cikin natsuwa. Haka aka yi mini. Wannan iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare, wancan yana son in sama wa ɗansa aikin tuƙi, wata mijinta ya tafi Madina ya yi shiru. Ban iya cewa kowa a'a ba, don kada a ce shugaba ya kasa. Ina dawowa daga aiki in tarar da takalma a ƙofa kamar masallaci. Wata guda cif jini ya hau, na yanke jiki na faɗi a tashar Kudai. Da aka dawo da ni gida Ummanki ta tsaya a bakin ƙofa ta ce wa jama'a, "Halas, mulki ya ƙare, kowa ya ɗauki takalminsa." Juyin mulki mafi sauƙi da aka taɓa yi ke nan, kuma har yau ina yi mata godiya.

Don haka in an ba ki dama ki yi magana a can, ki duba ko akwai abinci a gaban mutane. In akwai, jimla uku ta isa. Kuma ki koyi cewa "ba zan iya ba" tun kafin jikinki ya faɗa a madadinki. Za ki haɗu da masu son ki fassara musu wannan, ki raka su can, ki dafa musu shinkafar Makka. Ki taimaka iya ƙarfinki, in ƙarfin ya ƙare ki faɗa, ba wanda zai mutu don kin ce kin gaji.

Yanzu sai farwa. Na ji abin da kika ce wa Ummanki, wai in kika sa ta za a ɗauka makiyayiya ce ta ɓato daga sahara, wai tana warin tunkiya. Warin tunkiya kam ƙarya kike yi mata, sau biyu na kai ta wanki, sannan na kai wa tela a unguwar Zahir ya rage mata tsawo da hannu daidai ke. Amma ba ki san yadda aka yi ta shigo gidanmu ba, don ban taɓa faɗa miki ba.

Kafin in auri Ummanki babbar mota nake ja. Wata shekara da hunturu aka tura mu Tabuka da kaya, ni da wani direba mutumin Sham, dattijo, ana ce masa Abu Salim. Da za mu tashi ya kalle ni daga ni sai farar jallabiya shara-shara da takalmin soso, ya ce, "Ya walad, ina rigar sanyinka? Tabuka ba Makka ba ce." Na yi dariya na bugi ƙirji, na ce ni mutumin Kano ne, mu muka san sanyi. Alhali shekara goma sha wani abu ina Makka, inda in an ce sanyi ya sauko ana nufin mutum ya rage gudun fanka. Ya ciro farwa ta biyu daga bayan kujerarsa ya miƙo mini, na ce ya ajiye wa tsofaffi irinsa.

Da asuba muka isa. Na sauko zan yi alwala, na taɓa ruwan na ji kamar an sare mini yatsu. Haƙorana suka riƙa kaɗawa har na kasa karanta Fatiha daidai. Abu Salim ya sake miƙo farwar, na sake ƙi, saboda akwai lebura wajen shida suna kallonmu, kuma na riga na cika baki a gabansu. Haka na tsaya a iska ana sauke kaya har hantsi, ina murmushi kamar shugaban naku. A hanyar dawowa zazzaɓi ya rufe ni, numfashi ya riƙa yankar haƙarƙarina. Sati uku na yi a gadon asibiti, aka ɗaga ɗaurin aurenmu, kakanki na wajen uwa ya fara tambayar ko wannan angon zai kai labari. Abu Salim ya zo duba ni. Bai ce na faɗa maka ba. Ya shimfiɗa mini farwar a kan bargon asibiti, ya sha shayinsa, ya tafi. Na bi shi da ita bayan na warke ya ƙi karɓa. Ya rasu tun kafin a haife ki, Allah Ya jiƙansa.

In wani ya miƙo miki abu a can, riga ce ko kujera ko hannu, ki karɓa ki ce na gode. Leburan da na yi wa burga ko sunana ba su sani ba, kuma na tabbata kafin azahar sun manta da ni.

To Uwata, duk wannan zagaye ne nake yi, kin san halina. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne takardar lafiyar da jami'a ta aiko ki cike. Kin bar ta a kan tebur kin shiga wanka, na duba. A wurin da aka tambaya ko kina da wani ciwo mai daɗewa, kin sa alamar babu. Na daɗe a tsaye da takardar a hannuna. Na so in yi miki faɗa, sai na rasa ta inda zan fara, domin wannan "babu" ɗin ba ke kika ƙirƙiro ta ba, a bakina kika koya.

Kina da wata takwas likita ya gaya mana kina da sikila. A ƙofar asibitin na ce wa Ummanki kada kowa ya ji. Na ce 'ya mace ce, unguwarmu kuma ƙarama ce, in maganar ta fita daga Ka'akiyya zuwa Zahir babu gidan da zai zo neman aurenki. Ta yi kuka ta ce ciwo ba abin kunya ba ne, na ce na gama magana. Daga nan muka shiga ƙarya iri-iri. Sanyi yana tayar miki da ciwon, don haka ba ma kunna mukayyif a falo, na'urar sanyaya ɗakin nan da ko kantin ful da tamis, masu sayar da wake da burodi, ba ya rasa ta a Makka. Baƙi su zo suna zufa suna fifita da hula, in ce musu ya lalace. Shekara goma sha tara mukayyif ɗinmu yana lalace. Malam Tanko ya zo da jakar kayan aikinsa ya fi a ƙirga, kullum in ce masa na riga na yi magana da wani. Har fushi ya yi da ni, yana zaton na raina gyaransa ne. In mun je Harami kuwa in bi layin tulunan zamzam ina neman wanda aka rubuta ba a sanyaya ba, in sa miki safa biyu saboda sanyin daɓen, in an tambaya in ce ke ce mai son gayu. Duk kwanciyar da kika yi a asibiti, mutanen unguwa Jidda suka san kin je wurin gwaggonki.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne ranar walimar saukarki ta Alƙur'ani, kina da shekara goma sha ɗaya. Tun safe na ga kina cije leɓe kina matsa gwiwa, na san ciwon ya taso. Maimakon in sallami mutane, sai na durƙusa na ce miki a kunne, "Uwata jaruma ce, ba ta kuka a gaban baƙi." Kika zauna kika karanta shafinki har ƙarshe, murya ba ta karye ba, zufa tana ɗiga daga haɓarki. Kowa ya ce masha Allah. Baƙo na ƙarshe yana fita kika sulale ƙasa, kwana tara muka yi a asibiti. A lokacin har alfahari na yi da ke. Yau in na tuna kunya ce take kama ni, domin ni na ɗora ki a kan dokin nan ba riga, na ce ki yi wa jama'a murmushi. Na yi kuskure, Uwata, kuma ina neman ki yafe mini.

Akwai abu ɗaya a labarin shugaban da kika karanta da sauri kika wuce, ni kuwa shi ya fi tsaya mini. Kin ce lokacin da ya kwanta matarsa ba ta kusa. Tana can garinsu mai nisa, ita ma ba ta jin daɗi, tana shirin tahowa sai labari ya riske ta. A nan gida ko ba ki yi magana ba Ummanki tana gane ciwonki daga yadda kike ajiye cokali. A can babu mai wannan idon. Garin da za ki, kin nuna mini hotonsa, ƙanƙara har gwiwa. In ciwon ya taso miki a ɗaki, yarinyar da za ku zauna tare za ta ɗauka gajiya ce ta ja miki ƙofa don ki huta. In an kai ki asibiti za su buɗe takardarki su ga babu, su tsaya lalube, ke kuwa kin san awa ɗaya a wannan ciwon ba wasa ba ce. Wannan tunanin ne yake hana ni jin daɗin tafiyarki, alhali wallahi ina murna da ita fiye da yadda nake nunawa.

Saboda haka ga abin da nake roƙonki, roƙo kuma nake yi, ba umarni ba. A satinki na farko ki je asibitin jami'a ki ce a ba ki takardar nan ki gyara. Ki gaya wa abokiyar ɗakinki tun ranar da kuka haɗu, ki nuna mata inda magungunanki suke da abin da za ta yi in ta ga kin kasa tashi. Ki riƙa shan ruwa ko ba kya jin ƙishi, don an ce a sanyi mutum mantawa yake yi. Ki sa farwar, in kin ga dama ki ɗora kwat ɗin gayunki a sama, in zai rufu. Wanda duk zai guje ki saboda wannan ciwon, gara ya guje ki tun yanzu mu huta da ciyar da shi.

Na san abin da za ki ce: "Abuya, kai da ka ɓoye shekara goma sha tara, yanzu ni za ka tura in faɗa?" Kin yi gaskiya, shi ya sa na riga ki. Jiya a walimar bankwanarki kina ɓangaren mata, ba ki ji abin da ya faru a rumfar maza ba, na kuma roƙi Ummanki kada ta gaya miki sai kin karanta wannan. Da aka jera tirarruka sai aka ce uban matafiya ya yi magana. Ina miƙewa na ga mutane suna kallon shinkafa da tausayi, Malam Tanko har ya gyara zama ya jingina da bango. Na ce, "Jama'a, 'yata tana da sikila tun tana jaririya, ni na ɓoye muku saboda tsoro. Za ta ƙasar sanyi, ku taya ni yi mata addu'a. Bismillah, a ci abinci."

Jama'a suka kalli juna. Ban sani ba ko maganar ce ta ba su mamaki ko gajartarta. Can sai Malam Tanko ya ɗago ya ce, "Tsaya, ya Abu Hauwa. Wato mukayyif ɗin nan lafiyarsa ƙalau?" Na ce ƙalau. Ya ce, "Shekara goma sha tara ina zargin kaina! Wallahi sai ka biya ni zufar da na yi a falonka." Aka fashe da dariya, ni ina dariya ina share ido. Liman ya ɗaga hannu aka yi miki addu'a doguwa, wadda ta fi jawabina tsawo nesa ba kusa ba, kuma ba wanda ya kalli shinkafa. Da aka watse wani mutum da muke sahu ɗaya da shi shekara da shekaru ya ja ni gefe, ya riƙe hannuna ya ce ƙaramin ɗansa ma haka ne, bai taɓa gaya wa kowa ba, wane likita muke gani? Na ba shi kwatance.

Na san sirrinki ne na buɗe ban nemi izininki ba. In kin ji haushi ki kira ni ki yi mini faɗa, da Larabci ma in kin ga dama, zan saurara ba zan katse ki ba. Amma ki sani rumfar ba ta faɗo a kaina ba, kuma babu wanda ya tashi ya bar abincinsa. Abin da na shekara goma sha tara ina tsoro, ko minti ɗaya bai ɗauka ba.

Ga shi na sake yin jawabin awa biyu, Ummanki tana leƙowa tana tambaya ko littafi nake rubutawa. Wannan karon dai a zaune nake, kuma ba wanda shinkafarsa ta huce. Kin ce jikan shugaban nan ma daga baya ya hau kujerar, ya yi shekarunsa huɗu cif. Ina kyautata zaton shi ya sa rigarsa.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya da abin da kika je nema. Allah Ya sa sanyin ƙasar ya zame miki mai sauƙi, Ya ba ki maƙwabta masu lura, Ya kare ki daga ciwo da kaɗaici. Duk ɗawafin da na yi da sunanki a bakina, kuma zan ci gaba da neman tulun da ba a sanyaya ba ko da ba kya nan, don hannuna ya riga ya saba.

In kin gyara takardar, ki sa farwar ki tsaya a cikin ƙanƙarar nan ki turo mana hoto. Mun yi shawara da Ummanki, ba za mu kunna mukayyif ɗin falo ba sai ranar da hoton ya iso. Malam Tanko ya ce shi zai danna da hannunsa, kuma kin san zafin Makka, don haka kada ki bar dattijo yana jira.

Wassalam,
Abbanki
Ka'akiyya, Makka